Kafin Masu Awo Su Shiga Gonar Kakanki

Kakuri, Kaduna

Zuwa ga 'yata Saratu,

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da gida, tun ranar da na fito daga makokin abokina Bulus ban yi wa kowa sallama ba. Ke kuma ga shi jibi za ki shiga mota ki tafi can da ƙafarki, ba wanda ya aike ki. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ki daga direba mai gaggawa, da ramukan hanyar Kachia, da waɗancan da ke fitowa daga daji. Ya sauke ki da sauran rana, ya sa ki tarar da fuskoki a sake.

Za ki ce me ya kawo takarda, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki. To, ke ce sanadi. Duk sa'ad da na buɗe baki kan maganar gonar nan, kafin in kai tsakiya kin ce, "Baba, na sani." Mamanki kuma ta ce, "Ayuba, bar yarinya ta ci abincinta." Ga shi injin niƙan nan ya cinye mini kunne, ko gaisuwa nake yi sai a ɗauka faɗa ne. Takarda ba ta ɗaga murya. Ki karanta ta a mota, in kin ga dama ki ji haushina a can, kafin ki isa kin huce.

Kin gaya mini ƙungiyar manoman yankinmu ta ɗauke ki malamar gona, kuma bayan girbi gwamnati za ta turo masu awo su auna gonar kowa, a ba shi takardar mallaka da sunansa. Mai takarda shi zai shiga layin tarakta da iri da rance. Na ji. Ni dai na ga shirye-shiryen gwamnati iri-iri a rayuwata. Na ga allon sanarwa da aka kafa a bakin hanya da hoton masara kamar cinyar mutum, gara ta cinye allon ba a ga masarar ba. Na ga takin da aka ce na talaka ne yana kwance a shagon ɗan kasuwa da rubutun "ba na sayarwa ba" a jikinsa. Amma wannan karon ina so in yarda, tunda na ga irinku ne aka sa a ciki, yaran da suka san zafin nema. Kuma gaskiya ce, manomin da bai san ko baɗi gonar tana hannunsa ba, ba zai zuba mata taki da zuciya ɗaya ba.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da kika yi ran Lahadi bayan mun dawo coci. Kika ce, "Gonar Kaka tamu ce. Sun ci iya cinsu. Zan je in karɓo ta duka, in sa sunana, in nuna wa garin yadda ake noman citta na zamani." Ba zan ɓoye miki ba, daɗi ya fara kama ni. Yayanki Ishaya gonarsa kwalta ce, garmarsa keken haya mai ƙafa uku, in ka ce masa ƙauye sai ya ce ba sabis. Ke kaɗai kika tashi da son ƙasa, tun kina tara gwangwanin madara kina shuka wake a bayan famfo. Amma bayan daɗin sai tsoro ya biyo. Muryata na ji a bakinki, kuma na san inda muryar nan ta kai ni. Don haka bari in ba ki labarin gonar yadda yake, ba yadda kuka saba ji ina faɗa in raina ya ɓaci ba.

Ba ki taɓa ganinta ba sai kina goye. Ta faro daga bakin hanyar kasuwa, tudu ne mai jar ƙasa da tsakuwa, ta gangara har rafi. A tsakiya akwai ɗorawa biyu da suka girmi kakanki. Daga ɗorawar zuwa rafi ƙasar baƙa ce mai laushi, ba ta saurin bushewa, nan kakarki take sa gwaza da rizga. Lokacin da kakanki ya rasu, ni kaɗai ne namiji, sai ga labari ana ɗaukar ma'aikata a masaƙa a Kaduna. Kakarki ta koma wajen ƙanwata da ke aure a wani gari. Ni kuwa na kira Bulus, abokina tun muna kiwon awaki, na ba shi aron gonar a gaban dattawa biyu. Babu takarda. Ba a yi a lokacin, kuma ba a buƙata.

Aron gona a wajenmu yana da ƙa'ida. Wanda ya ara ba ya dasa itace, domin itace na mai ƙasa ne. Sa'an nan kowace kaka, in ya girbe dawa, zai ware dami ɗaya ya kai wa mai gona. Ba kuɗin haya ba ne, dami ɗaya me zai yi wa mutum? Shaida ce. Kowa a gari zai ga wane ya ɗauki dami ya nufi gidan wane, shi ke nan an san mai gona, an san mai aro. Takardarmu ke nan, kowace shekara ana sabunta ta.

Da yake babu kowa nawa a garin, Bulus sai ya riƙa ɗauko damin har Kaduna. Ki dubi wahalar: a ɗora a kan motar katako, a sauke a tasha, ya ɗauko a ka har Kakuri. Shekarar farko na karɓa da murna. Ta biyu na karɓa. A ta uku na riga na zama ɗan birni. Ina da agogo, ina da rediyo mai kaset, ina guga wando har ya iya yanka tumatir. Ran nan Asabar ce, muna zaune a tsakar gidan haya da abokan aiki da makanikai maƙwabtanmu, sai ga Bulus ya shigo da dami a ka, ƙafa duk jar ƙasa, yana washe baki. Wani abokin aikina ya ce, "Kai Ayuba, ashe doki kake kiwo a ɗaki ba mu sani ba?" Gida ya ɗauki dariya.

Na ja Bulus gefe, na ce, "Kada in sake ganinka da kara a gidan nan. A nan shinkafa muke ci da burodi. In za ka zo ka zo hannu sake, mu sha shayi."

Ya ce, "Ayuba, ba don cikinka nake kawowa ba. Don yarana nake kawowa. Su ga ina ɗaurewa, su tambaye ni na wane ne."

Na ce, "Ni da kai har sai an yi wannan? Bar shi kawai."

Ya dube ni, ya ce, "To. Da bakinka ka faɗa."

Damin nan kajin maƙwabta na zuba wa. Bulus bai sake kawowa ba, kuma bai yi laifi ba.

Saratu, ga abin da nake so ki ɗauka a nan. In kin je za ki ga abubuwa da yawa da za su yi miki kama da wauta. Ke da karatunki, ni da agogona, cutar ɗaya ce. Kafin ki ce a daina wani abu, ki tambayi tsofaffi me yake tsarewa. Wani abin wautar ce da gaske, ki taimaka a bar shi. Wani kuwa shi ne ƙusar da ta riƙe ƙofa. Kuma kada dariyar mutanen da ba su san inda kika fito ba ta sa ki yanke hukunci. Mutumin da ya yi maganar doki ko sunansa na manta, amma ga shi har yau ina biyan kuɗin dariyarsa.

Bayan wasu shekaru wani ɗan garinmu ya zo ya ce mini, "Ka san Bulus ya dasa mangwaro da lemo a tudun gonarka?" Na ce, "Ya dasa har da tuffa. Ni da noma ai sai a lahira." Na tabbata maganar ta koma kunnen Bulus, domin magana irin wannan ba ta kwana a hanya. In ni ne shi, me zan fahimta? Mai gona ya ƙi dami, ya ce a dasa. Ai ko a gaban dagaci aka kai, kyauta ce ba a furta ba.

Sai aka rufe masaƙa. Ba zan ɓata takarda da wannan ba, kin taso a cikinsa. Kin san yadda muka yi ta zarya kan haƙƙinmu har takalma suka ƙare, kin san mutanen da suka mutu suna jira. Waɗanda suka ci guminmu Allah yana ganinsu, ni ban yafe ba tukuna, Fasto ya yi ta fama da ni. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne, a lokacin mamanki ta ce mu koma gida. Ta ce, "Kana da ƙasa, kana da ƙarfi, Bulus mutumin kirki ne, zai matsa maka." Na ce ba zan koma a yi mini dariya ba, wanda ya tafi da wando mai guga ya dawo da fartanya. Na zauna a nan ina gadi, ina dako, har na haɗa kuɗin tsohon injin nan. Ɗan manomi, mai gona har rafi, ya ƙare yana niƙa hatsin wasu a kan mudu. Da na koma a lokacin, da ni da Bulus mun zauna a gindin ɗorawa mun raba cikin rabin yini, dattawan da suka shaida suna raye. Yanzu duk sun tafi. In abu ya karye miki, uwata, ki koma inda aka san ki tun da wuri. Dariyar ƙauye mako biyu take yi, sai wani ya yi abin da ya fi naki.

Na zo kan wanda ya fi mini nauyi. Da Bulus ya rasu na je makoki. Kafin in shiga gari na bi ta gonar. Saratu, ban gane ta ba. Tudun nan mai tsakuwa da kakanki yake cewa ko akuya ba ta son sa, ya zama lambu. Mangwaro sun haɗe kai, lemo a jere, a tsakaninsu citta an rufe ta da ganye. Ya tare zaizayar ruwa da duwatsu, jeri bisa jeri, aikin da ba a yi a shekara biyar. Maimakon in ce Allah ya ji ƙan mai wannan hannu, sai hassada ta kama ni. Ina da bashin haya a Kakuri, ga arziki a ƙasar ubana.

Na shiga gidan makoki da wannan zuciyar. Bayan an rufe shi an dawo, mutane cike da tsakar gida, na ce wa babban ɗansa, "Yohanna, in an share makoki za mu yi maganar gonata."

Ya ce, "Wace gona, Baba?"

Yau na san tambaya ce ta gaskiya. Yaron bai taɓa ganin an ɗaure dami an kai wa kowa ba, a gonar ya yi rarrafe. Amma a ranar raini na ji. Na ce, "Ashe ubanka da kayan mutane ya tafi kabari."

Sai matar Bulus, Mama Ladi, ta fito daga ɗaki, ɗankwalinta a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ayuba, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Bai taɓa cewa tasa ce ba. Kai ka hana shi faɗin ta wane ce."

Na ɗauki jakata na fita. Abin da ya hana ni zuwa gida ke nan, ba rashin kuɗin mota ba kamar yadda nake gaya muku. Ko da gaskiyarki, ki san wurin da za ki ajiye ta. Maganar ƙasa ba a yinta a makoki, ba a yinta a kasuwa, ba a yinta a tsaye. Kuma ba a zagin wanda ba zai iya tashi ya amsa ba.

Na shekara da shekaru ina riƙe da cewa an cuce ni. Abin da ya sauke ni ba wa'azi ba ne, filin Kamazou ne. Kin san shi, kin sha cin masararsa. Oga Emeka mai sayar da kayan gyaran mota ya saye shi bai samu kuɗin gini ba, ya ce in riƙa nomawa don kada a mayar masa da shi bola. Lokacin da na karɓa ƙasar kamar siminti take, leda da kwalba sun fi ciyawa yawa. Na tsince su da hannu. Na yi ta roƙon kashin kaji a gidajen kiwo, Ishaya yana kai mini a keke yana mita wai fasinja za su guje shi saboda wari. Shekara tara. Har ta kai in na tura yatsa yana nutsewa, tsutsar ƙasa ta dawo cikinta. Ban taɓa cewa nawa ne ba, amma in zan faɗa cewa nake "zan je gonata."

Daminar bara waccan, masara ta yi goyo, na je da safe na tarar da tifa ta juye yashi a kan kunyoyina, leburori suna haƙa harsashi ta tsakiyar shuka. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, in kana so ka karya masu ɗan ƙwari ka gasa, kafin mu iso can." Na kira Oga Emeka. Ya ce, "Baba Ayuba, ka yi haƙuri don Allah. Kuɗin makarantar yara ne ya taso, na sayar, mai sayen kuma ya ƙi jira. Ai ka san ba naka ba ne." Na ce na sani. Bai yi ƙarya ba, bai zalunce ni ba, har ɗan wani abu ya aiko mini daga baya. Takarda tasa ce. Amma takin nawa ne, kuma a kansa aka zuba kankare.

Ina tsaye a wurin da ɗanyar masara a hannu, fuskar Yohanna ce ta zo mini. Ni shekara tara na yi, na kwana biyu tuwo bai wuce mini ba. Su kusan arba'in. Abin da tifar nan ta yi mini, shi na je in yi musu ranar da suka rufe ubansu. Kuma shi za ki je ki yi musu, da takardar gwamnati a hannu, in ban tare ki ba.

Kada ki ɗauka na zama waliyyi. Har yanzu in na tuna mangwaron nan raina yana sosuwa, ina cewa da na zauna da nawa ne. Amma ban zauna ba. Ƙasar ta kakanki ce, wannan gaskiya ne. Abin da ta zama kuwa na Bulus ne, wannan ma gaskiya ne. Matsalar takardar da za ku kawo ita ce layi ɗaya gare ta na suna, gaskiya biyu ba sa shiga.

Yanzu ga abin da ko mamanki ban gaya wa ba. Watan jiya ina cikin niƙa waya ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Na kashe inji. Aka ce, "Baba, ina wuni. Yohanna ne, na Bulus." Ya ce, "An fara rubuta sunaye saboda awo. Dagaci ya ce in sa nawa, tunda ni ke nomawa kuma ba mai gardama. Na ce a dakata. Mama ta ce kada in sa hannu sai mun ji daga bakinka." Saratu, da ya sa sunansa ba abin da zan iya. Ba ni da shaida ko ɗaya a raye sai matar da na ci wa mutunci, kuma ita ce ta hana. Abin da na iya cewa kawai, "Na ji. Mutanen gida suna lafiya?" Ya ce lafiya. Matar da ta kawo niƙa ta ce, "Baba, barkono ne ya shiga idonka?" Na ce mata e.

Shi ya sa nake da bege. Ba wajen maƙiya za ki ba. To ga yadda nake so ki yi.

In kin sauka, kada ki fara da ofis, kada ki fara da gona. Ki ajiye jaka ki wuce gidan Mama Ladi. Mamanki ta ɗaure miki gishiri da sabulu da atamfa, ki kai. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki kira ta Mama, ki kira Yohanna Yaya. In an ba ki ruwa ki sha, in an ba ki tuwon acca ki ci, ko kin ƙoshi. Ranar kada ki ambaci gona. Ki ce mata, "Babana ya ce maganar da ya yi a makoki ƙarya ce, Baba Bulus bai tafi da kayan kowa ba, yana roƙo a yafe masa." Haka za ki faɗa, kada ki gyara mini shi ya yi daɗi. Ni ma zan kira ta in faɗa da bakina, amma ina so ta fara ji daga mutumin da ke durƙushe a gabanta. In ta yi kuka ki bar ta. In ta zage ni ki bar ta, tana bina bashi.

Bayan kwana biyu, ki roƙi a zauna a gaban dagaci da dattijon coci. Ki ce ga abin da Ayuba ya ce: daga bakin hanya zuwa ɗorawa biyu, tudun da itatuwansa duka, a rubuta sunan Yohanna. Ba aro ba, nasa, har jikokinsa. Daga ɗorawa zuwa rafi kuwa ina roƙo a bar miki. Ɗorawar kansu a bar wa Mama Ladi ta riƙa yin daddawarta muddin tana raye.

Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. Bakin rafi shi ne tsokar, kuma na ji yana noman rani a wurin. Zai yiwu ya ce ki bar masa wani yanki. Ki saurare shi. In akwai shukarsa a ƙasa, ko me aka yanke, ba za ki taka ba sai ya kwashe. Abin da kika samu, ko rabin abin da na faɗa ne, ya ishe ki farawa. Mutum ɗaya da fartanya ba ya gama wurin nan. In magana ta ƙi, kada ki ambaci kotu. Kotu tana cinye gona ta bar wa masu ita kara. Ki kira ni, in rufe inji in zo, a yi da tsohon da ya ɓata.

Za a sami mai cewa mace ba ta gadon gona. Kada ki yi masa turanci. Ki ce ba gado ba ne, ubanki yana raye, kyauta ya ba ki, kuma ya gaya wa dagaci. Zan gaya masa kafin ki isa. Na tambayi Ishaya, ya ce, "A ba ta, Baba, ni dai in citta ta yi kuɗi a canza mini taya."

Ranar da za a auna wurin, kada igiyar awo ko na'urarsu ta shiga hannunki. Ki bar abokan aikinki su yi, ke ki tsaya gefe kamar kowa. In kika auna wa kanki ko taku ɗaya, duk gaskiyar da za ki yi a sauran gonakin garin ta zube. Kuma ki buɗe ido, domin ba mu kaɗai ba ne. Rabin garin nan aro ne a kan aro. Akwai gwauraye mata da ke noma gonar mijin da ya rasu, 'yan'uwansa na birni za su taso da jin labarin takarda kamar ƙuda ya ji nama. Akwai irina da yawa a Kakuri da Sabon Tasha, na ji suna shiri a bakin coci. Kafin a rubuta suna, ki tambaya wa ke nomawa, tun yaushe, da yardar wa. Ki sa a tambaya a fili, mutane suna ji. Kuma burtalin shanu da hanyar rafi kada a haɗa su cikin gonar kowa, daga nan wuta take tashi.

Kan noman kansa ba zan koya miki ba, kin fi ni sani, sai abu biyu uku. Kada ki zuba duka a citta. Kin ji yadda ciwo ya ruɓar da ita a shekarun nan, mutanen da suka sayar da awakinsu suka sa a ciki suka koma sayen dawa a mudu. Ki bar wurin gwaza da masara, ciki ba ya cin citta. Kada ki sayar da amfani tun yana ƙasa, komai daɗin bakin dillali. In takardar ta fito, za a zo miki da rance kala-kala a ce ki ajiye ta jingina. Ki yi hankali. A da ba a iya rasa gona a yini ɗaya, yanzu da sa hannu ɗaya an gama. Sa'an nan in kina son a karɓi sabon irinki, kada ki tara mutane ki yi musu lacca. Ki shuka naki kusa da na Yohanna, ki tambaye shi yadda ubansa ya tare ruwa da duwatsu, shi ma zai leƙo ya tambaye ki naki. In shi ya karɓa, garin ya karɓa.

Hannuna ya gaji, kuma an fara jera robobin niƙa a ƙofa. Ubangiji ya sa miki albarka, ya kiyaye ki. Ya tsare fitarki da shigarki, ya raba ki da maciji a kunya da mugun baki a gari. Ya ba ki haƙurin mamanki, ya rage miki zuciyata. Ya ba ku ruwa a kan kari, ke da Yohanna, ya sa a ga buhu a ƙofar kowa. Ki gaishe da Mama Ladi, ki gaishe da dagaci, ki gaishe da duk wanda ya tambaye ni, har da wanda ya tambaya da gatse. Ki kira mamanki da zarar kin sauka, ko da hawa dutse za ki yi ki sami sabis. Amin.

Ni ne babanki,
Ayuba

Abin da na iya tarawa yana cikin ledar da ke ƙasan jakarki, tun da kika shiga makarantar gona nake jefawa a adashi. Naira dubu ɗari da saba'in da huɗu ne. Kin ce kuɗin awo dubu talatin ne kowace gona. Ki biya sittin, taki da ta Yohanna, ki fara biyan tasa. Saura dubu ɗari da goma sha huɗu, ki sayi iri. Sai garma ɗaya, fartanya biyu, da masarar iri mudu shida. Iyakarsa ke nan.